Matatar hayaƙin mota mai faffaɗan ƙofofi: Yadda take aiki, yadda ake ɗora ta a kan salansa, da abin da doka ta ce

Idan mota ta fara nauyi a kan hawa, tana shan mai fiye da kima, ko fitilar gargaɗin inji ta kama a dashbod ta ƙi mutuwa, hukuncin da mai mota ya fi ji a gareji shi ne: “Indomie ce ta toshe.” Daga nan sai a shimfiɗa masa zaɓi uku. Ko dai a fasa cikinta a zazzage, a mayar da kwankon fanko; ko a nemo irin ta kamfani, wadda kuɗinta kan sa mutum ya yi jim; ko kuma a sa masa wata ’yar ƙarama mai sheƙi, wadda ake cewa tana barin inji ya yi numfashi har ta ƙara masa ƙarfi.

Wannan ta ukun ita ce masu sayar da kayan mota a Amurka da Turai ke tallatawa da sunan high-flow, wato matatar hayaƙi mai faffaɗan ƙofofi. An ƙirƙire ta ne domin motocin tsere da waɗanda aka yi wa ƙarin ƙarfi, amma yanzu ana ɗora ta a kan salansar da mota ta fito da ita daga kamfani. Cinikin da ke cikinta a bayyane yake: hayaƙi na samun hanya mai sauƙi, tacewa kuma na raguwa. Ko cinikin ya yi riba ko ya yi asara, ya danganta da irin motar, da ingancin matatar, da hannun wanda ya ɗora ta.

Mece ce matatar hayaƙi?

A takardun mota ana rubuta sunanta catalytic converter, makanikai kuma kan ce katalis. Wani kwanko ne na ƙarfe da ke kan bututun salansa, tsakanin inji da tukunyar rage ƙara da ke can baya. A cikinsa akwai dunƙulen tangaran mai dubban ƙananan ƙofofi a jere kamar saƙar zuma. Kamannin wannan dunƙule da busasshiyar taliyar leda ne ya sa makanikan Najeriya suka laƙaba masa Indomie.

Ko da yake ana ce mata matata, ba ta tare datti kamar yadda rariya ke yi. Sauya hayaƙin take yi. An shafe bangon ƙofofin da wani siririn ɓawo mai ɗauke da ƙarafa uku masu tsada: filatinam, faladiyam da rodiyam. Duka-duka ’yan giram kaɗan ne. Idan hayaƙi mai zafi ya goge su, iskar kabon monoksaid da ragowar man da bai ƙone ba sukan koma kabon dayoksaid da tururin ruwa, su kuma oksaid na naitirojin su rabu su koma naitirojin da oksijin. Lafiyayyar matata da ta yi zafi tana kawar da sama da kashi 90 cikin 100 na waɗannan gurɓatattun iskoki uku.

Kowanne daga cikinsu yana da illarsa. Kabon monoksaid ba shi da launi ba shi da wari, kuma yana kama jini fiye da yadda oksijin ke kama shi ninki sama da 200. Shi ne ke kashe mutanen da suka kwana da janareto a cikin gida. Oksaid na naitirojin da ragowar mai kuwa, su ne ke haɗuwa da hasken rana su zama hazon da ke tayar da asma da ciwon ƙirji.

Matatar na buƙatar abu biyu kafin ta yi aiki. Na farko zafi: ba ta fara komai sai ta kai kimanin digiri 250 zuwa 300 a ma’aunin Salsiyas, aikinta na yau da kullum kuma tsakanin 400 zuwa 800 ne. Na biyu daidaiton iska da mai, wanda a injin fetur yake kusan kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na mai, a ma’aunin nauyi. Domin riƙe wannan daidaito ne aka sa sensar oksijin a gaban matatar, tana faɗa wa kwamfutar mota ta ƙara mai ko ta rage. A bayanta kuma akwai sensa ta biyu, wadda ke sa ido a kan ita matatar.

Daga ina ta samo asali?

Eugene Houdry, injiniya ɗan asalin Faransa da ya zauna a Amurka, shi ne ya yi rajistar fasahar a shekarun 1950, lokacin da hazon hayaƙi ya addabi birnin Los Angeles. Ba ta yaɗu ba a lokacin, domin fetur na ɗauke da dalma, ita kuma dalma tana lulluɓe ƙarafan ta kashe su har abada.

Dokar tsaftar iska da Amurka ta tsaurara a 1970 ce ta sauya lamarin. Daga samfurin 1975 akasarin sababbin motocin ƙasar suka riƙa fitowa da matata, gidajen mai kuma suka fara sayar da fetur marar dalma. Injiniyoyin kamfanin Corning ne suka samar da tangaran mai saƙar zuma, yayin da John Mooney da Carl Keith na kamfanin Engelhard suka jagoranci ƙera matatar da ke magance iskokin nan uku a lokaci guda. Volvo ta haɗa irin wannan matata da sensar oksijin ta Bosch a motocin da ta kai kasuwar Kalifoniya a samfurin 1977. A Turai, ƙa’idar Euro 1 ta farkon shekarun 1990 ce ta mayar da ita tilas ga sababbin motocin fetur.

Me ya bambanta mai faffaɗan ƙofofi?

Ana auna saƙar da yawan ƙofofin da ke cikin inci ɗaya murabba’i. Ta kamfani kan zo da ƙofa 400 zuwa 600, wasu sababbin motoci har 900. Mai faffaɗan ƙofofi kuwa 300 ce ko 200, ta motocin tsere kuma 100. A saƙa mai ƙofa 400, faɗin kowace ƙofa tare da bangonta bai wuce milimita 1.3 ba. A mai 200 ya kai kimanin 1.8, a mai 100 kuma 2.5.

Bambanci na biyu shi ne abin da aka yi saƙar da shi. Da yawa daga cikin masu faffaɗan ƙofofi ba tangaran ba ne, siririn fallen ƙarfe ne da aka yi wa lanƙwasa aka naɗe kamar tabarma. Kaurinsa kan kai kimanin milimita 0.05, wato rabin bangon tangaran ko ƙasa da haka. Wannan ya sa hanyar hayaƙi ta fi yalwa, kuma ta fi jure girgiza da bugun dutse.

Sai dai kowace ƙofa da aka rage, an rage bangon da hayaƙi zai goga. A lissafi, idan aka sauko daga ƙofa 400 zuwa 200 a dunƙule mai girma ɗaya, faɗin bangon yana raguwa da kusan kashi 30 cikin 100. Galibi kuma matatar kanta ta fi ta kamfani gajarta, don haka hayaƙin ba ya daɗewa a ciki. Kamfanonin kirki suna cike wannan giɓi da ƙara yawan ƙarafa masu tsada, shi ya sa kayansu ba sa araha. Masu arha kuwa a nan suke cin ribarsu: kwanko mai ƙyalli, saƙa mai kyan gani, amma ƙarfen da ke yin aikin ɗan ƙyas ne. Ido ba ya iya bambance su, domin yawan ƙofofi kaɗai ake iya gani ta baki.

Shin tana ƙara ƙarfi da gaske?

Inji famfo ne na iska. Duk abin da ya tsaya wa hayaƙi a hanya yana sa fistin ya ɓata wani ƙarfi wajen tura shi waje. Daga nan tallar ta samo tushe, kuma a wasu motoci gaskiya ce. Injin da ke da turbo yana amfana sosai, domin fankar turbo na juyawa ne da bambancin matsin da ke gabanta da na bayanta; idan aka sassauta bayan, takan tashi da wuri. Haka ma injin da aka faɗaɗa, aka sauya masa manifol da bututu, aka sake tsara kwamfutarsa, yana fitar da hayaƙin da ya fi ƙarfin matatar kamfani.

Mota ta yau da kullum, irin Corolla ko Camry ko Accord marar turbo da ba a taɓa injinta ba, labarinta daban ne. An auna matatarta daidai da numfashin injin. Ƙarin da za a samu ’yan dawakai ne kaɗan, su ma sai inji na juyawa kusa da ƙarshen malejinsa, inda direban gari ba ya kaiwa. Bugu da ƙari, sauran salansar tana nan yadda take: faɗin bututun bai canza ba, lanƙwasarsa na nan, tukunyar baya na nan da ɗakunanta. An buɗe ƙofa ɗaya ne a gida mai ƙofofi huɗu a jere.

To me ya sa mutane ke rantsuwa cewa motarsu ta farfaɗo bayan an sa ta? Domin mafi yawansu toshasshiya suka cire. Ƙarfin da suka ji ya dawo nasu ne na asali da toshewar ta danne, kuma da sabuwa irin ta kamfani aka sa, da shi ɗin za su ji. Abin da ke canzawa tabbas shi ne sauti, wanda kan ɗan ƙara kauri, wani lokacin kuma da warin hayaƙi idan inji na sanyi.

Kafin a yanke komai

Matatar hayaƙi ba ta da wani sashe mai motsi, kuma an yi ta ne domin ta daɗe. A Amurka doka ta tilasta wa kamfanonin mota su ba ta garantin shekara 8 ko mil 80,000, kimanin kilomita 129,000. Idan ta mutu da wuri, akwai abin da ya kashe ta, kuma zai kashe sabuwar ma idan ba a magance shi ba.

Babban makashinta shi ne inji mai tsallake wuta. Idan fulogi ko kwayil ya lalace, ɗanyen mai yakan wuce ya je ya kama da wuta a cikin saƙar, zafin ya narkar da ita ta dunƙule. Fitilar gargaɗi mai ƙyaftawa, maimakon tsayawa cak, wannan haɗarin take nunawa. Injin da ke shan baƙin mai yana shafe saƙar da tokar sinadaran da ke cikin man. Gaskit ɗin kan inji da ya ƙone yana tura ruwan lagireto ciki. Injekta mai yoyo ko sensar gaba da ta gaji suna sa mai ya yi yawa. Sai kuma bugun ƙasa a kan tudun rage gudu, da kutsawa cikin ruwan ambaliya da matata mai zafi, wanda kan tsaga tangaran nan take.

Ana iya tabbatar da toshewa ba tare da yanka ba. Makanike zai kwance sensar gaba ya ɗaura ma’aunin matsi a raminta. Ƙa’idar da masu gyara suka saba bi ita ce, matsin kada ya wuce kimanin psi 1.5 idan inji na silo, kada kuma ya wuce psi 3 idan an ɗaga shi zuwa juyi 2,500 a minti. Idan aka ɗan bubbuga kwankon aka ji kacau-kacau kamar tsakuwa a gwangwani, saƙar ta farfashe. Wanda ya yanke hukuncin toshewa ba tare da ya auna komai ba, hasashe ya yi.

Yadda ake ɗora ta a kan salansar kamfani

Iri biyu ake sayarwa. Akwai wadda aka ƙera daidai da samfurin mota, ta zo da bututunta da bakunanta da ramukan sensa, sai dai a kwance noti a ɗaura. Akwai kuma ta gama-gari, kwanko ne kawai mai baki biyu, wadda sai an yanke tsohuwar an yi walda. Ta biyun ta fi araha, kuma a wurinta aka fi tafka kuskure.

Abin farko shi ne awo. Bututun ƙananan motoci kan kasance inci 2, ko 2.25, ko 2.5, kuma bakin matatar ya kamata ya yi daidai da shi. Cusa mai faɗin inci 3 a kan siririn bututu ba ya ƙara komai sai haɗi mai wuyar toshewa. Dole kuma girman saƙar ya dace da girman injin, domin wadda aka yi wa inji mai lita 1.8 ba za ta ɗauki hayaƙin mai lita 3.5 ba.

Na biyu shi ne wuri. A motoci da yawa na zamani, babbar matatar tana manne da manifol, dab da inji, domin ta yi zafi cikin ’yan daƙiƙu. Idan aka cire ta daga can aka mayar da sabuwa ƙarƙashin tsakiyar mota saboda ya fi sauƙin walda, za ta riƙa jinkirin zafi, a cunkoson gari ma tana iya hucewa. Sabuwa ta zauna inda tsohuwa take. Idan akwai kibiya a jikin kwankon, ta nuna bayan mota. Garkuwar zafi kuma ta fuskanci ƙasan motar, a tabbata babu tiyon mai ko na burki ko wayar lantarki a kusa.

Na uku su ne sensoshi. Ta gaba ta kasance kafin saƙar, ta baya kuma bayanta, a tazara kusa da ta asali. Ramin sensa yana da zare mai awon M18, kuma ana huda shi a rabin sama na bututu, ta yadda sensar za ta karkata aƙalla digiri 10 sama da kwance, don kada ruwan da ke taruwa a salansa da safe ya kwanta a kanta.

Na huɗu ita ce walda. A bari salansa ta huce, a ɗora motar a kan ƙafafun ƙarfe ko rami, kada a shiga ƙarƙashinta tana kan jak kawai. A cire kan batir, a kwance sensoshi, a maƙala wayar ƙasa ta injin walda dab da wurin aiki, don kada wuta ta bi ta kwamfutar mota. A fara ɗiga walda a wurare uku ko huɗu, a duba cewa bututun na rataye a kan robobinsa ba tare da tanƙwara ba, sannan a zagaye. Kwankon ƙarfe ne marar tsatsa, kuma waldar MIG ko TIG ta fi dacewa da shi. Kafin a rufe, a zazzage bututun baya da tukunyar rage ƙara, domin gutsattsarin tsohuwar saƙar kan maƙale a can su ci gaba da toshe hanya.

Na biyar, kada a bar ko hudar allura. Yoyo a gaban sensa yana zuƙo iskar waje, sensar ta ɗauka mai ya yi kaɗan, kwamfuta ta ƙara mai, mota ta riƙa shan fetur tana dafa sabuwar matatar. Kada kuma a toshe haɗi da gam ɗin silikon a gaban sensa, domin tururinsa na lalata ta. Sababbin gaskit ake sawa.

Bayan an gama, a bar injin ya yi zafi a hankali yana silo, a ɗan ɗaga shi na ’yan mintuna, sannan a bar shi ya huce. A matata mai tangaran, wannan zafin farko ne ke kumbura shimfiɗar da ke riƙe da saƙar a cikin kwanko.

Fitilar da ke dawowa bayan kwana uku

Tun daga samfurin 1996, duk motar da aka sayar a Amurka tana da tsarin binciken kai da ake kira OBD-II, kuma yawancin motocin Tokumbo da ke kan titunan Najeriya suna da shi. Kwamfutar na kwatanta sensoshin biyu. Ta gaba kullum tana hawa da sauka. Ta baya ya kamata ta kasance a natse, domin lafiyayyar matata tana adana oksijin tana sakin sa a hankali. Idan ta baya ta fara kwaikwayon ta gaba, sai kwamfutar ta rubuta lambar P0420, ko P0430 a ɗaya ɓangaren injin V6 da V8, ta kunna fitila.

Wannan ne ƙorafin da ya fi yawa a kan matata mai faffaɗan ƙofofi. Ƙaramar saƙa ba ta adana oksijin da yawa, don haka mai ƙofa 100 ko 200 na iya kunna fitilar ko da sabuwa ce fil, musamman a sababbin motoci masu tsauraran ma’auni. Ba ta kamawa nan take, domin kwamfutar na buƙatar tafiye-tafiye da dama kafin ta kammala gwajinta. Mai mota kan bar gareji fitila a mace, ta dawo bayan ’yan kwanaki.

Maganin da ake yawan bayarwa shi ne a sa ɗan bututun da zai janye sensar baya daga tsakiyar hayaƙi, ko a goge gwajin daga kwamfuta, ko ma a cire ƙwan fitilar. Duka ukun rufe bakin mai ba da labari ne. Hayaƙin bai canza ba, kuma wanda aka cire wa ƙwan fitila ba zai ga gargaɗin ba ranar da inji ya fara tsallake wuta.

Abin da doka ta ce

A Amurka, inda wannan kasuwa ta fi girma, dokar tsaftar iska ta haramta cire ko lalata na’urar rage hayaƙi a motar da ke hawa titi. Ƙa’idar da hukumar kare muhalli ta ƙasar, EPA, ta fitar a 1986 ta ce ba a sauya matatar da ke aiki lafiya. Ana sauya wadda ta ɓace ko aka tabbatar ta mutu, da irinta, a wurinta, kuma wadda ba ta kamfani ba sai ta zo da garantin tacewa na mil 25,000. Jihar Kalifoniya ta fi tsanani: tun daga 2009 sai matatar da hukumar CARB ta amince da ita ga wannan samfurin mota, mai lambar amincewa a buge a jikinta da garantin shekara 5 ko mil 50,000. Jihohi kamar New York da Colorado sun bi sahu. Shi ya sa da yawa daga cikin masu faffaɗan ƙofofi ke zuwa da rubutun cewa na filin tsere ne kawai. A Turai kuma, matatar canji na buƙatar shaidar amincewa a ƙarƙashin ƙa’ida mai lamba R103.

A Najeriya, hukumar NESREA na da ƙa’idojin hayaƙin motocin fetur da na gas tun 2011. A watan Fabrairun 2020, ministocin ƙasashen ECOWAS da suka gana a Wagadugu sun amince cewa motocin da za a riƙa shigowa da su su cika ma’aunin Euro 4. Motar fetur ba ta isa wannan ma’auni ba tare da matata mai aiki ba. Amma a garuruwa da yawa mota kan sami takardar cancantar hawa titi ba tare da an sa na’ura a bakin salansarta ba, don haka a aikace mai mota da makanikensa ne ke yanke hukunci.

Me ya sa ake farautar ta kamfani?

Saboda ƙarafan cikinta. Afirka ta Kudu ce ke samar da mafi yawan filatinam da rodiyam na duniya, Rasha kuma kusan kashi 40 cikin 100 na faladiyam. A watan Maris na 2021 farashin oza ɗaya na rodiyam, kimanin giram 31, ya kai wajen dala 29,000. Shekara guda bayan haka, da aka fara yaƙin Yukren, faladiyam ya haura dala 3,000. Satar matata ta zama annoba a Amurka da Ingila. A watan Nuwamban 2022 ma’aikatar shari’ar Amurka ta gurfanar da mutum 21 bisa zargin gudanar da wata ƙungiya da ta yi cinikin sama da dala miliyan 545 na matatun sata. Farashin ya sauko daga baya, amma tsohuwar matatar kamfani har yanzu kuɗi ce.

Wannan ya shafi mai sayen Tokumbo kai tsaye. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNEP, na watan Oktoban 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 an fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan, kuma kashi 40 cikin 100 Afirka suka nufo. Masu binciken gwamnatin Holan da suka duba motocin da ke jiran jirgi a tashoshinsu sun tarar da wasu an riga an yanke musu matata. Wadda ta tsira a can tana iya rasa ta a tashar sauka, ko a wurin dillali, ko a gareji. Saboda haka shawarar “a cire ta kawai, ba ta da amfani a nan” tana buƙatar tambaya ta biyu: ina za a kai wadda aka cire?

Akwai ƙanshin gaskiya a cewa man da ake sha a yankin nan yana wahalar da ita. Batun dalma ya wuce, domin ƙasashen Afirka kudu da Sahara sun daina fetur mai dalma tun farkon 2006, Aljeriya kuma ta zama ta ƙarshe a duniya a 2021. Abin da ya rage shi ne farar wuta, wato salfa. Ƙungiyar Public Eye ta Suwizalan ta ruwaito a 2016 cewa ta sami man gas a Afirka mai salfa ninki 378 na abin da Turai ta yarda da shi, wato kashi 10 cikin miliyan. Taron Wagadugu ya sa iyakar kashi 50 cikin miliyan ga man da ake shigowa da shi. Salfa na rage kaifin matata, shi ne kuma ke kawo warin ruɓaɓɓen ƙwai, amma ba ya kashe ta kamar dalma. Doguwar tafiya da mai mai tsafta kan ƙone akasarinsa. Sai dai matatar da tun asali ƙarafanta kaɗan ne ita ce ke fara gazawa a irin wannan mai.

Abin da mai mota zai duba

Idan matatar kamfani na nan lafiya kuma ba a yi wa inji ƙari ba, babu dalilin taɓa ta. Idan ta mutu, irin ta kamfani ko ta canji mai ƙofa 400 da aka yi wa wannan samfurin ita ce ta fi kusa da kashe fitilar da gaske. Mai faffaɗan ƙofofi ta dace da motar turbo ko wadda aka ƙara wa ƙarfi, kuma a motar gari mai ƙofa 300 ta fi mai 100 hankali. Ko mai rauni a cikinsu ta fi bututu fanko, wanda ke zuba ɗanyen hayaƙi a fuskar mai babur da mai talla da ɗan makarantar da ke bayan mota a cunkoso, wani lokacin ma ya shigo cikin motar ta ƙofar but ko hudar ƙasa.

Wajen saye, a nemi sunan kamfani da lambar kaya da watan ƙira a buge a jikin kwanko, da alamar amincewa ta EPA ko CARB ko R103. A tambayi yawan ƙofofi da girman injin da aka yi ta dominsa. A haska tocila ta baki a ga saƙar ta cika kwankon, babu tsaga babu narkewa.

Wajen sayen mota, a leƙa ƙarƙashi a nemi sabon tabon walda a kan kwankon ko a gefensa. A kunna makulli ba tare da tayar da inji ba a ga fitilar gargaɗi ta kama, sannan ta mutu bayan an tayar. A sa na’urar bincike a ga ko kwamfutar ta kammala gwajin matata. Idan ta nuna ba a kammala ba, wataƙila an goge lambobin ne kafin mai saye ya iso.

Ranar gyara kuma, mai mota ya tsaya a wurin ko ya wakilta wanda ya yarda da shi, ya ɗauki hoton matatar kafin a taɓa ta, ya kuma karɓi tsohuwar a hannunsa. Ko ta narke, ƙarafan na ciki, kuma kuɗin da masu saye za su biya zai rage masa wani abu daga kuɗin sabuwar.